Shin Teku Zai Cinye Legas? Amsa Ga Mai Shirin Sayen Fili a Bakin Ruwa

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ɗan Arewa da ya daɗe yana zaune a Legas ya ce an yi masa tayin fuloti da araha a ɓangaren Ajah, ba nisa da teku. 'Ya'yansa sun hana shi sakat, wai sun ji teku zai shanye Legas nan gaba kaɗan. Yana so ya san ko maganar gaskiya ce, da irin shirin da gari ke yi wa wannan matsala, da abin da shi kansa ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi.

Amsa: Alhaji, teku ba zai haɗiye Legas dare ɗaya ba, kuma duk wanda ya yanka maka shekarar da garin zai ɓace ya faɗi abin da ilimi bai faɗa ba. Amma yaran nan ba su yi ƙarya duka ba. Akwai wurare a bakin tekun Legas da aka yi shekaru ana noman kwakwa da shanya koma a kansu, yau kwalekwale ne ke bi ta wajen. Akwai kuma unguwannin da ruwa ba zai cinye su ba, sai dai zai riƙa kwana a cikinsu sau da yawa a shekara har zama ya gagara. Wannan na biyun shi ya fi yawa, shi ne kuma dillali ba ya ambata.

Tashin teku kansa an auna shi, ba jita-jita ba ne. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya ce daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne saurin: tsakanin 1901 da 1971 milimita 1.3 ne a shekara, tsakanin 2006 da 2018 ya kai 3.7. Dalili biyu ne manya. Ruwa idan ya ɗumama yana kumbura, sannan ƙanƙarar da ke kan duwatsu da Girinlan da Antaktika tana narkewa tana gangarowa. Zuwa shekarar 2100, in duniya ta rage hayaƙin da take fitarwa sosai, ana sa ran ƙarin santimita 28 zuwa 55. In aka ci gaba da ƙone mai da gawayi ba ji ba gani, santimita 63 zuwa mita guda da 'yan kai.

Mutumin Kano ko Damagaram zai ji santimita 20 ya ce ai tsawon tafin hannu ne. A kan tudu haka ne. A Legas kuwa, inda yawancin tsibirin Victoria da Lekki suke 'yan mitoci kaɗan sama da teku, kuma kowace kwata da lambatu a tafkin garin take juyewa, tafin hannun nan shi ne bambancin kwatar da ke tafiya da wadda ke dawo da ruwa cikin gida. Ruwan sama yana buƙatar gangare kafin ya fita. Kowane santimita da teku ya hau, an rage masa gangaren.

Ga wani abu da kai da ke bin lissafin watan Musulunci za ka fi saurin kamawa. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma cikar ta fi girma a lokuta biyu cikin wata: wajen tsayuwar sabon wata, da wajen sha huɗu zuwa sha biyar. A gaɓar Legas bambancin cika da janyewa bai wuce mita guda ba sosai, amma ya isa. Mummunar ambaliya tana zuwa ne idan abubuwa suka haɗu: ruwan sama mai ƙarfi na Yuni da Yuli, a ranar babbar cika, ga manyan igiyoyin da guguwar can kudancin Atlantika ke turowa daga nisan dubban kilomita. A ɓangaren Mile 12 da Isheri akwai ƙari na huɗu, wato ruwan da ake saki daga madatsar Oyan yana bin kogin Ogun. 'Yan kasuwar gwari na Mile 12 sun san wannan ba sai an ba su labari ba. A Yulin 2011 ruwan sama na yini guda ya tsayar da Legas cak, ya kashe sama da mutum 20. A Agustan 2012 igiyar teku ta afka wa bakin ruwan Kuramo, ta tafi da mutum fiye da goma.

Sai dai zan gaya maka abin da na fi so ka riƙe: yawancin ƙasar da teku ya ci a gaɓar Afirka ta Yamma zuwa yau, ba ɗumamar yanayi ce ta fara ba shi ba. Mu ne, ta hanyar abin da muka yi wa yashi.

Yashin bakin teku ba a zaune yake ba. Daga Gana zuwa Togo, Benin, har Najeriya, igiyar ruwa tana bugun gaɓa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, ɗaruruwan dubban tan a shekara. Kai ɗan kasuwa ne, ka ɗauke shi kamar shago: kullum kaya na fita, kullum wasu na shigowa, kanta tana nan cike. Ranar da aka tare motar da ke kawo kaya, ciniki kuma bai tsaya ba, kanta za ta zama wayam ko da ɓarawo bai shiga ba. Abin da ya faru da Legas ke nan. Daga 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara gina dogayen katangun duwatsu biyu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Aikin ya biya musu buƙata. Amma yashin da ke tahowa daga yamma ya tsaya ya taru a bayan katangar yamma, gabas kuma, wato Bar Beach, ta shiga yunwa. Cikin shekarun da suka biyo baya teku ya ci fiye da kilomita guda a wurin, har ya zo yana watsa ruwa kan titin Ahmadu Bello. An yi ta zuba yashi ana kashe kuɗi, yana kwashewa.

Maganin da aka yi a ƙarshe shi ne Eko Atlantic: aka haƙo yashi daga cikin teku aka cike wurin da ya ɓace, aka kewaye shi da katangar duwatsu da siminti mai tsawon kilomita da dama. Tsibirin Victoria ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma katanga ba ta haifar da yashi. Yunwar tana matsawa gaba ne, kuma gaban nan gabas ne, wato Lekki da Ajah, inda aka yi maka tayi. Mutanen Okun Alfa da Lafiaji da Okun Ajah sun rasa gidaje da hanyoyi da maƙabartu. Mazauna wurin da wasu masana suna ɗora wa sabon ginin wani kaso na laifi, masu ginin suna musantawa. Gwamnatin jiha ta jera wasu harsunan duwatsu da ke miƙewa cikin teku a wani sashe na gaɓar Lekki don riƙe yashi, kuma sun riƙe a inda suke. Abin da aka sani game da irin waɗannan harsuna a ko'ina cikin duniya shi ne, inda na ƙarshe ya tsaya, nan zaizaya take fi ƙarfi. Don haka tambayar farko da zan yi game da fulotinka ita ce: yana cikin layin duwatsun nan ne, ko yana gaba da na ƙarshe?

Keta ta ƙasar Gana ta sha irin wannan daga wata hanya. Kogin Bolta ne ke ciyar da gaɓarta da yashi. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin ya koma kwanciya a bayan dam. Teku ya shiga garin layi bayan layi, har ya rushe wani ɓangare na tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784. A farkon shekarun 2000 aka yi babban aikin kariya, Keta ta tsaya, zaizaya ta koma ƙauyukan da ke gabas da ita wajen iyakar Togo. A Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin. Labarin Lome da Kwatano bayan gina tashoshin jiragensu a shekarun 1960 duk ɗaya ne. Ƙara a kan haka tifofin yashi. Duk tifar da ta ɗebo daga bakin teku ko daga cikin tafki don cike fadama ko buga bulo, daga wannan jarin ta ɗiba.

Akwai kuma nutsewar ƙasa, wadda ba a cika magana a kanta ba don ba ta da hoto. Ƙasar da aka cike a kan laka tana zama a hankali shekara da shekaru, nauyin gini yana danna ta, kuma idan kowane gida ya haƙa rijiyar burtsatse yana zuƙe ruwan ƙasa, sai ta ƙara lotsawa. A arewacin Jakarta ta Indonesiya an auna wuraren da ke nutsewa har santimita 25 a shekara, ninkin tashin teku sau da yawa, kuma yana cikin dalilan da suka sa a 2019 ƙasar ta sanar za ta sauya babban birni. Tokyo ta taɓa nutsewa da mitoci a wasu unguwanni, ta hana zuƙar ruwan ƙasa barkatai, ta kai wa mutane ruwan famfo, nutsewar ta kusa tsayawa. Legas ba ta kai Jakarta ba, amma awon tauraron ɗan'adam yana nuna sassanta suna sauka. Ka ga ashe ruwan famfo ma yana cikin shirin kare gari daga teku. Inda babu shi, kowa zai haƙa, ƙasa ta sauka, ruwan gishiri ya kutso cikin rijiyoyi su zama zartsi.

To mene ne shiri na gaskiya? Mutane da yawa, har da masu mulki, da an ce shiri sai su hango katanga, domin ita ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. A wurina katanga ita ce ta kusa da ƙarshe. Farkon shiri taswira ce mai faɗin gaskiya: tsayin kowace unguwa sama da teku, mita nawa gaɓa ke ja baya a shekara, ina ruwa ya kai a ambaliyar da ta wuce, ina zai kai idan aka ƙara rabin mita. A Najeriya akwai masu wannan aiki, irin su cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke tsibirin Victoria, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da NiMet mai hasashen yanayi. Matsalar ita ce abin da suka auna ba ya isa teburin mai raba filaye, balle kunnen mai saye.

Daga taswira sai layin da ba a gini bayansa. Dokar gine-gine ta jihar Legas ta ce a bar mita 150 daga teku, mita 50 daga tafki. Dokar tana da kyau, amma layin da aka ja a tsaye ba ya isar gaɓar da ke tafiya. Inda teku ke cin mita biyar a shekara, mita 150 shekara 30 ce kawai, ko rayuwar gida ɗaya ba ta kai ba. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suna lissafa layin ne da saurin zaizayar wurin, a ninka da shekarun da ake so gini ya yi. Wannan mataki shi ne mafi araha cikin duka, shi ne kuma mafi wuya, domin filin bakin ruwa ya fi kowane tsada kuma masu son sa ba ƙananan mutane ba ne.

Sauran matakan ba sai na daɗe a kansu ba. A bar wa ruwa fadamu da hanyoyinsa, a yashe magudanai kafin damina, a hana haƙar yashi kusa da gaɓa. A yankin Neja Delta, inda Najeriya ke da dajin bakin ruwa mafi girma a Afirka, itatuwan nan masu saiwa cikin laka suna karya ƙarfin igiya suna kama ƙasa, kifi kuma yana hayayyafa a cikinsu. Sare su da malalar mai suna buɗe wa teku ƙofa. Holan, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta yana ƙasa da teku, ta gina manyan madatsai bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836, amma ita ma yanzu da yashi take kare yawancin gaɓarta: a 2011 ta zuba kubik mita miliyan 21.5 wuri guda ta bar igiya ta rarraba shi. Abin koyi daga gare su ba girman aikin ba ne, kuɗin gyara ne da suke warewa duk shekara ba fashi. Katangar da ba a kula da ita ta fi rashin katanga haɗari, domin mutane sun sakankance sun yi gini a bayanta.

Gaggawa ma tana kisa. A Oktoban 2003 kogin Senegal ya cika yana barazana ga birnin Sanluwi na ƙasar Senegal. Hukumomi suka yanka 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku, don ruwa ya samu mafita. Birnin ya tsira a wannan daminar. Amma teku ya kama bakin yankan yana faɗaɗa shi har ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya ɓace, gonaki suka yi gishiri, masunta da yawa suka mutu wajen ƙetare sabuwar mashigar. Duk aikin da zai taɓa yashi ko hanyar ruwa a bakin teku, ko tashar jirage ce ko babban titi irin wanda aka fara daga Legas zuwa Kalaba a 2024, dole a tambaya tun kafin a sa diga: wa ke gabas da mu, kuma me zai same shi?

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne maganar tashi. Akwai wuraren da ba za a iya kare su ba, ko kuɗin karewar ya ninka darajar abin da ke wurin. Faɗar haka ba laifi ba ne. Laifin shi ne yadda ake yi. A 1990 an rushe unguwar Maroko a Legas, aka kori kimanin mutum 300,000, ana cewa wurin yana ƙasa da teku, bai dace da zaman ɗan'adam ba. Aka cike shi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. Tsakanin 2016 da 2017 an kori masunta kusan 30,000 daga unguwar Otodo Gbame da ke Lekki. Idan talaka ya ga haka sau biyu, ranar da injiniya mai gaskiya ya zo ya ce masa wurin nan akwai haɗari, ba zai yarda ba, kuma yana da hujja. A ɗaya gefen ga Ayetoro ta jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, wanda teku ya cinye babban ɓangarensa alhali an ba da kwangilar kare shi fiye da sau ɗaya ba a gama ba. Waɗancan an tashe su da ƙarfi, waɗannan an bar su da ruwa. Tashin da ya cancanci a kira shi shiri yana ɗaukar shekaru: a zauna da mutane, a ba su fili da takarda, a kai makaranta da asibiti da ruwa kafin su iso, kuma masunci ya iya isa kwalekwalensa da asuba. Ko a Sanluwi, inda Bankin Duniya ya sa kuɗi don mayar da dubban mutanen unguwannin masunta zuwa cikin tudu, babban kukansu nisa da teku ne, domin gidan da ba sana'a a kusa da shi ba ya riƙe mutum.

Kada a ce babu kuɗin yin shiri, domin ana biyan kuɗin rashinsa. Bankin Duniya ya lissafa cewa lalacewar gaɓar teku, wato ambaliya da zaizaya da gurɓata, ta ci wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo dala biliyan 3.8 a 2017 kaɗai, kashi 5.3 cikin ɗari na abin da ƙasashen huɗu suka samar a shekarar. Kuma mu 'yan tudu ba mu tsira ba: kayan da ke cika Kantin Kwari da Singa, yawancinsu ta tashoshin bakin teku suke shigowa.

Yanzu fulotinka. Araha ba ta ado, Alhaji, musamman a bakin ruwa. Kada ka je duba shi da rani. Ka je a Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, in da hali a tsakiyar wata lokacin babbar cika, ka ga ko mota tana shiga. Ka dubi katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane a jikin bango, kuma ka lura ko sun ɗaga ƙofofinsu da matakala. Ka bar dillali a mota ka nemi dattawan masunta, ka tambaye su ina bakin teku yake lokacin da suke samari. Za su nuna maka da hannu, kuma nunin nasu ya fi takardar talla gaskiya. Ka sa yaro ya buɗe maka tsofaffin hotunan sama na Google Earth, ku kwatanta gaɓar shekara goma sha biyar da ta wuce da ta yau, ku raba mitocin da suka ɓace da shekarun, sai ka san saurin da yake tahowa. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar unguwar. Ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna maka nisa daga teku da tsayin filin, ya kuma bincika a ofishin filaye ko wurin yana cikin hanyar ruwa, ko layin titi, ko filin da gwamnati ta riga ta karɓe. Kafin a zuba harsashi a gwada ƙasa, domin ciko a kan laka yana iya buƙatar turaku masu zurfi da kuɗinsu zai kusa na ginin. Iskar gishiri tana cin rodi da kwano, sai an ƙara kaurin siminti a kan ƙarfe, an ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, an sa mita da wayoyin wuta can sama.

In filin bai kai mita 150 daga teku ba, ka bar shi ko da kyauta ne, domin ko teku bai zo ba hukuma za ta iya zuwa. In yana gaba da harshen duwatsu na ƙarshe kuma hotuna sun nuna gaɓa tana ja baya, ka bar shi. In yana can ciki, ya fi titi tsayi, kwata tana tafiya, takardu sun inganta, za ka iya saye don shago ko haya da za su mayar da kuɗinsu cikin shekara goma zuwa sha biyar. Gidan da kake so jikoki su gada kuwa, ka neme shi a kan tudu, wajen Agege ko Ikeja ko can gida.